Na Shiga Wasan da Auta Yake Yi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, Ya sa sanyin can bai tayar maka da shi ba. Mu nan lafiya muke. Hawan jinin Mama ya sauka tun da aka canza mata magani, sai dai har yanzu tana ɓoye gishiri a bayan akwatinta, a zatonta ban sani ba. Kemis yana tafiya yadda ka san shi. An haƙe titin gabanmu za a sa bututun ruwa, wata biyu ke nan masu sayen magani suna tsallake rami kafin su iso ƙofata. Maigidana yana gaishe ka, ya ce hular da ka aiko masa ta yi masa yawa, amma ba zai bayar ba.

Saƙonka game da Auta ya iso tun farkon watan jiya. Na karanta wa Mama, na kuma karanta wa Amarya, tun da maganar mijinta ake yi. Ka ce a yanke intanet ɗin gida, a ɗauke kwamfutar daga ɗakinsa, in abin ya ƙi a shirya masa takardu ya taho wajenka. Ban ba ka amsa ba a lokacin domin ban san abin da zan ce ba. Yanzu na ga wani abu da idona, shi zan rubuta maka yadda ya faru, sai ka auna.

Ka san wata bakwai ke nan da aka yi masa aikin maƙogwaro. Likitoci sun ce cutar ta fita, muryar kuwa ba za ta dawo ba. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana koyar da lissafi a gaban aji, yau sai da ƙaramin allo da alƙalami yake neman ruwan sha. Ya ajiye aiki, ya koma ɗakin baya. In baƙi suka zo dubiya sai ya ja ƙofa. Allon ma da Amarya ta saya masa ba ya rubuta komai a kai da ya wuce i da a'a. Daga azahar zuwa magariba yana gaban kwamfuta, yana wannan wasa da ka ce ya cinye shi. Ni ma haka na ɗauka. Amarya ce wata rana ta ce mini ta shiga da shayi ta tarar da kafaɗunsa suna rawa, ta tsorata ta zaci kuka yake, ashe dariya ce marar sauti. Ta ce tun da aka sallamo shi daga asibiti ba ta ga haƙoransa ba sai ranar. Na ce ta leƙa ta kwafo mini sunan wasan. Ta rubuto shi a bayan takardar magani.

Wasan ba irin wanda yara ke dannawa a waya ba ne. Ƙasa ce guda aka zana, da garuruwa da daji da kogi da kasuwa, kowa yana shiga ta intanet daga inda yake, ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya riƙa tafiya da shi. Duk wanda ka gani yana yawo a ciki, in ka cire 'yan tsirarun da na'ura ke motsawa, wani ne zaune a ɗakinsa a wata ƙasa. Magana kuma da rubutu ake yi. Na sa shi a kwamfutar kemis, wadda nake duba kaya da ita, na shiga kyauta. Kwana uku ina tara wa wani tsoho itace ina kashe masa ɓeraye a rumbu, a duk lokacin da babu mai saye. Da na nufi ƙofar gari sai wani mai gadi ya tare ni, rubutu ya fito cewa daga nan sai mamba mai biya. Wanda bai biya ba ba ya fita garin farko, ba ya shiga ƙungiya, ba ya aika wa kowa saƙo. Auta kuwa yana can bayan ƙofar.

Sai na biya. Suna da na wata ɗaya, da na wata uku, da na shekara, na shekarar ne suka rubuta da manyan baƙaƙe. Na ɗauki na wata ɗaya. Na sa lambar katin banki, suka aiko wata lamba ta imel, banki ya aiko tasa ta waya, kafin in gama kwafe ta farko ta biyun ta mutu, sai da na sake sau uku. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa da suka riga suka sa wa alama, wanda ke ba su izinin cirar kuɗi duk wata ba tare da sun tambaye ka ba. Na cire alamar. Suna gama karɓa suka yi mini maraba da doki, da jaka mai ɗaukar kaya da yawa, da wata alkyabba shuɗiya da ke nuna wa kowa cewa ni sabuwar shiga ce. Sannan na gano wasan duniya-duniya ne, kusan ashirin, kamanninsu ɗaya amma mutanen ciki daban, kuma ni ba a ta Auta nake ba. Amarya ta sake leƙawa ta kwafo sunan tasa, da sunan ƙungiyarsa. Biyan da na yi ya bi ni can, itacen tsohon ne bai bi ni ba, na sake tara shi daga farko.

Ana zaɓar sana'a: mayaƙi, maharbi, maƙeri, ko mai magani. Na ɗauki mai magani, ina ganin ko ba komai shekara ashirin ina cikinta. Maigidana ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tashi daga aiki ya biya kuɗi a sake ba shi aikin ba. Sunan da na sa wa matar da na ƙirƙira a wasan ba wanda zai gane ni da shi, na kwafo shi ne daga jikin kwalin wani maganin tari.

A allon sanarwa na garin wasan na ga ƙungiyar Auta ta rubuta cewa duk Asabar da ƙarfe huɗu ana koya wa sababbin mambobi wasa a bakin gada. Na rufe rabin ƙofar kemis na tafi. Mu tara ne masu shuɗiyar alkyabba, muna ta karo da juna, ɗaya ma ya faɗa kogi da dokinsa. Sai ga wani dogon mayaƙi ya zo ya tsaya a kan dutse, kowa na gaishe shi da Malam. Yaya, layi biyu ya rubuta na san shi ne. Ya fara da tambayar sunan kowa da abin da ya fi ba shi wuya. Ya raba mu uku-uku. Ya nuna yadda ake tsayawa in dodo ya taso, mayaƙi a gaba, maharbi a gefe, mai magani a baya. Wanda ya yi kuskure sai ya ce ba komai, a sake daga farko, daidai yadda yake yi wa 'ya'yana a kan tebur lokacin jarrabawa. Ya gargaɗe mu kada mu ba kowa lambar sirrinmu ko da ya ce shi ma'aikacin wasan ne, kada kuma mu kula masu tallar zinariya da araha. Awa biyu yana rubutu ba tsayawa, har da barkwanci. Na ƙirga a raina, abin da ya rubuta a wannan yammacin ya fi duk abin da ya rubuta mana a gida cikin wata bakwai. Ni kuwa sau huɗu mutanena suna mutuwa a hannuna, domin in na tashi ba su magani sai in danna wa dodon.

Daga baya na shiga ƙungiyar. Su talatin da wani abu ne: akwai direban babbar mota, akwai wata mai jego, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Babu wanda ya san Malam ba ya magana. Sun taɓa neman ya shigo hirar murya da suke yi, ya ce shi ya fi son rubutu, suka bar shi a haka.

Kuskuren nawa ne, a Asabar ta uku. An tashi daga aji, kowa na sallama, ni kuma na san Amarya ta fita unguwa tun safe. Ban san lokacin da na aika masa saƙo shi kaɗai ba, na tambaye shi ko ya ci abinci, ya kuma sha maganinsa na ƙarfe biyu. Mayaƙin ya tsaya cak a kan dutsen kamar minti guda, sannan ya ɓace. Da na koma gida na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofata, shafi guda cur da rubutunsa. Ya ce wuri ɗaya ya rage masa a duniya da ba a kallon wuyansa, ba a yi masa magana a hankali kamar yaro, shi ne muka bi shi har can. Ya ce ya san Amarya ce ta kwafo mini sunan wasan, ya kuma san da saƙonka, domin bangon gidan nan ba kauri gare shi ba. Ya tambaya ko na riga na gaya wa mutanensa. Na amsa masa a bayan takardar cewa ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba, biyan da na yi saura kwana shida ya ƙare, ba zan sabunta ba. Ban ba shi haƙuri da yawa ba, don na san ba ya so. Kwana uku bai buɗe wa kowa ƙofa ba sai Mama. Amarya ta sha kuka, ta ce ita ta jawo.

Rana ta huɗu da hantsi ina auna wa wata mata maganin yaro, sai na ga mutum yana tsallako ramin bututu, da allo a hammata da farin ƙyalle a wuya. Tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti bai taka bakin titi ba. Ya jira matar ta fita, ya zagayo bayan teburin sayar da magani, ya ja kujerata ya zauna gaban kwamfutar ba tare da ya dube ni ba. Ya rubuta a allo in buɗe. Na buɗe. Ya duba matar tawa ta cikin wasan sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya rubuta cewa duk makin da na samu na zuba shi a ƙarfin damtse, mai magani kuwa ba dambe za ta yi ba. Ya ce sandar da na saya a kasuwa an cuce ni, ta maƙera ce. Ya zauna ya gyara komai, ya sa mini lambar tsaro ta biyu da ke zuwa ta waya, ya jera mini magungunan a kan madannai huɗu, ya sa ni na yi ta dannawa har hannuna ya saba. Ana cikin haka wani tsohon ɗalibinsa ya shigo sayen maganin mura, ya gan shi, ya rusuna ya gaishe shi. Na ga hannun Auta ya tafi wuyansa. Sai ya sauke, ya ɗauki alƙalami ya tambaye shi inda yake aiki yanzu. Sun yi kusan minti goma, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa. Kafin ya tafi ya rubuta mini cewa ƙungiya ba ta da mai magani sai ɗaya, in na ga dama in sabunta, da sharaɗin a can ni ba yayarsa ba ce, kuma kada in ƙara tambayarsa abinci.

Ba zan ce maka ya warke ba. Daga ranar zuwa yau sau biyu ya ƙara fita, duka zuwa kemis. Har yanzu yana jan ƙofa in an yi baƙi, akwai kuma ranakun da ko wasan ba ya buɗewa, sai kwanciya. Likitansa ya yi maganar wata na'ura da ake dafawa a wuya ta fitar da sauti, ya ƙi ko kallon hotonta. Amma a ganina kada a yanke intanet, kada a taɓa kwamfutar, maganar tafiya kuma a ajiye ta tukuna. Mama ma ra'ayinta ke nan, ko da yake ita har yanzu ta ɗauka wani aiki ne yake yi wa Turawa. Na sabunta nawa na wata uku.

Na gaya masa zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya daɗe yana juya alƙalami. Ya ce in gaya maka yana ganin kiranka duk Juma'a, yana riƙe da wayar har ta katse, ba ƙin ɗauka yake yi ba. Ya ce ka daina kira, ka rubuto, zai amsa.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata man shafawar ya iso. Ka gaida Babban Yaya in kun yi waya, da 'Yan Biyu, da Likitar gidanku, Allah Ya ba ta sa'ar jarrabawa. Mama tana sa muku albarka. Amarya da maigidana da yara duk suna gaisuwa. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Ƙanwarka ta kemis.