Ruwan Da Kika Hana Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Inna, yau a asibitin da nake aikin nas aka kawo wani manomi, ya yi amai da ƙarfi, ƙirjinsa ya riƙe. Ina taɓa wuyansa na ji fatar tana ƙaras-ƙaras kamar an taka ɓawon gyaɗa. Wallahi nan take na tuno Baba.

Kin tuna shekarar farin nan, da muka yi watanni a kan tafasa da rama? Gero ya nuna, aka yi gayya a gonarmu ta bayan Tsanyawa, Baba ya ci tuwo irin cin mai ramuwa. Da azahar amai ya turnuƙe shi, ya dafe ƙirji ya faɗi.

Aka ba shi ruwa, kurɓa ɗaya ya yi ya ƙwalla ƙara. Kika shafa wuyansa, kika ce ba mai ƙara ba shi komai, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu. Mata suka ce ba ki da imani. Ni ma na faɗa a zuciyata.

A motar Kano leɓunansa suka bushe, yana kiran sunana. Na zaro gorar da na ɓoye a mayafi. Kika doke hannuna, ruwan ya zube. Na tsane ki a ranar, Inna, ba zan ɓoye ba.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce amai ya tsaga hanyar abinci, duk abin da ya haɗiya cikin ƙirji yake zuba. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, aka shiga da shi tiyata. Da likitan ya tambaye ki yadda kika gane, cewa kika yi, "Na ga ruwan ba ya zuwa inda aka aike shi."

Ikon Allah! Ni sai da na yi shekaru ina karatu kafin na san wannan. Ke ko allon boko ba ki taɓa gani ba.

Baba yana nan, ya tsufa, jikoki na ja masa gemu. Da na yi nasara a motar nan, da ni na kashe shi. Kin rasu ban faɗa miki na gane ba. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara.

'Yarki mai taurin kai,
Hadiza