Gudumarku da Ɗanyun Randunana

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke gina mana gada a hanyar Dagona.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya zafin garinmu?

Ni maginiyar tukwane ce, gidana ne na ƙarshe kafin bakin kogi, inda injinku ke buga turakun gada.

Na farko, yabo. Tunda nake ban taɓa ganin ƙarfe mai biyayya irin gudumar wannan injin ba. Turken da ya fi giginya tsawo take turawa cikin ƙasa kamar ana soka tsinke a tuwo, ko karkacewa babu. Injiniyanku ya nuna mini a waya yadda aka gwada ta a masana'anta kafin a ɗoro ta: aka yi ta buga ta, ana auna nauyin dukan, ana duba inda mai zai yi yoyo. Wallahi abin ya burge ni. Ni ma ba na kai randa kasuwar Gashuwa sai na ƙwanƙwasa ta na ji amonta. Ashe duk sana'ar ɗaya ce, taku dai ta fi ƙara.

Na biyu, kuka. Masu gwajin nan sun auna komai, amma ba su san akwai tsohuwa a maƙwabta da ɗanyen yumɓu ba. Duk randar da na gina da safe, in guduma ta fara, ƙasa ta girgiza, kafin azahar wuyanta ya tsage. Randa ba ta ɗinkuwa. Yumɓun kuwa sai ruwa ya janye ake haƙarsa, ga damina ta ƙarato. Abin da na gina yanzu shi gidana zai ci har kaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye ba.

Ban ce a tsayar da aiki ba, Allah Ya kiyaye. Mu da muka tsufa a jiran kwalekwalen fito mun san darajar gada. Roƙona shi ne a riƙa aiko wa mai unguwa da ranakun da guduma za ta huta, in yi ginina a cikinsu. In kuma za a gwada wata sabuwa, don Allah a ajiye ɗanyar randa a gefe a ga yadda za ta kwana.

Allah Ya tsare ma'aikatanku, Ya sa ku gama lafiya. Ranar da aka buɗe gadar nan ina so in haye ta da kaya a kaina, ba hannu rabbana ba.

Wassalam.
Falmata Maginiya