Ka Tsaya ta Hagun Buba, Likita

Zuwa ga Likita, Farfesa, ɗan ƙasar Agiye, gwanin aikin jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, a can inda kake aiki bayan teku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina tambayar lafiyar iyali. Mu nan sai godiya, ruwa ne dai bai zo ba, kamar yadda ka ji a rediyo. Ban ambaci sunanka ba, don na ga ana ambatonsa isasshe a duniya, ba sai na ƙara ba. Ni ne wanda muka zauna benci ɗaya a lakol, wato makarantar boko, wanda ya tsaya nan yana koya wa yara lissafi da Faransanci. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda naka saƙon ma ba a ɓoye ya zo ba: ta buron kumandan, ofishin mai mulkin yankinmu, ya biyo, jandarma ya kai shi har ruga.

Maganar Buba ce. Ga wanda bai san shi ba, makiyayi ne, Bafulatani, kuma ɗan'uwana ne na nono. Uwata ta rasu ina jariri, tasa ta haɗa mu ta shayar.

Na farko, godiya, kuma ba da baki kawai ba. A wancan fari na farko, shekara goma ke nan, Buba ya faɗi bakin rijiya da guga a hannunsa, ciwon kai ya sare shi kamar an buga masa taɓarya. Lokacin ka zo gida tare da likitocin agaji. Kai ka duba shi, ka ce jijiya ce ta kumbura cikin kansa tana shirin fashewa. Kai ka yi ta faɗi-tashi har aka sa shi cikin jirgin da ya kawo mana jar dawa, ka buɗe kansa a can, ka matse jijiyar da ɗan ƙarfe, ka dawo mana da shi da ƙafafunsa. Wannan ba mu manta ba, kuma ba abin da zan faɗa a ƙasa da zai goge shi.

Na biyu, takardarka. Bara ka aiko wa lakol ɗinmu kundin rubuce-rubucenka kyauta, da hotonka a bango. Ina jin ba ka zaci wani zai karanta ba. To, farin nan ya rage mini ɗalibai, iyaye sun tafi da su neman abinci, sai na sami lokaci. Na zauna da ƙamus na bi shi shafi shafi. A nan na fahimci yadda ake arziki a sana'arku. Ashe takarda ma haihuwa take yi. Ka rubuta ɗaya, wani likita a wata ƙasa ya ambace ta a ƙasan tasa, wani ya ambaci wancan, ana ƙirgawa, mai yawan ambato shi ne mai babban garke. Gabatarwar kundin ta ce a duk takardunka babu wadda ta yi ƴaƴa kamar ta makiyayin nan na ƙasar fari. Na taya ka murna. A shekarun nan garkenka ne kaɗai na ji yana ƙaruwa a cikin ƴan ƙasarmu.

Sai dai takardar ta ce makiyayin ya warke sarai, ya koma kiwo babu nakasa ko ɗaya. A nan na ajiye ƙamus.

Buba ba ya ganin komai ta hagunsa tun da ya dawo. Idon yana buɗe, fari tas, amma duniyarsa ta wannan gefen ta tafi. Saniya za ta ratse ta hagu ta shiga gonar mutane bai sani ba, sai ihun mai gona ya juyo da shi. Kowa a kasuwar Agiye ya san matarsa Dije ba ta bin bayansa kamar sauran matan ruga, kafaɗa da kafaɗa take tafiya da shi ta hagu, tana taɓa masa gwiwar hannu in amalanke ya taho. Da farko an yi ta yi musu dariya, ana cewa Buba ya koyo tafiyar Nasara a can. Yanzu an daina.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ba ta kwanta ba: yadda aka samo wannan shaidar ta warkewa. Ina wurin ranar da ka dawo duba shi bayan aikin. Ka sa an shimfiɗa tabarma a inuwar gawo, ka zaunar da Buba, ka kuma ce a kira dattijon ruga ya zama shaida. Dattijon nan surukinsa ne, uban Dije. A gabansa ka tambayi Buba ko kansa yana ciwo, ko yana gani sosai, ko akwai abin da ya gagare shi. Buba ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, ya ce babu komai. Ka rubuta.

Likita, da Bature ne ya yi haka da na yi masa uzuri. Amma kai nan aka yanke maka cibiya. Ka san Bafulatani ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa. Ka san ko ƙaya ce ta huda masa ƙafa ta ɓullo ta sama, ba zai ɗingisa ba sai surukin ya ba da baya. Ta yaya zai buɗe baki a gaban uban matarsa ya ce ya zama rabin makaho, wato an ba shi ƴa ya kasa tsare ta? Ranar na ja ka gefe na ce a sake tambayarsa shi kaɗai, ka duba agogo ka ce mota na jira. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina mantuwa ce, zaman waje ya wanke maka al'ada. Da na karanta kundin nan sai na fara tambayar kaina ko mantuwar ce, ko kuwa ka san wurin da za a zaunar da mutum a sami amsar da takarda ke bukata. Ban yanke maka hukunci ba. Amma cikin dattawan rugar duka, me ya sa sai wannan?

Na huɗu, saƙon da jandarma ya kawo. An ce mota za ta zo ta ɗauki Buba, a kai shi can a zuba masa ruwan allura a jijiya a ɗauki hoton kansa, don a ga yadda ƙarfen yake bayan shekara goma. Wa ke bukatar hoton? Buba bai ce kansa na ciwo ba, ni ma da nake jin abin da ba ya faɗa ban ji ba. Na lura dai kundinka ya ƙare da alkawarin za a biyo da rahoton shekara goma.

Ga halin da ake ciki. Rijiyoyi suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Ardo ya yanke shawara ruga za ta tashi ta yi kudu, ta tsallake iyaka, tun shanun suna iya ɗaga ƙafa. Wancan farin ya cinye garken Buba yana kwance a gadonku, ya dawo ya tarar da igiyoyi. Abin da ya tara tun daga nan bai fi a ɗaure a gindin bishiya ɗaya ba. In ya shiga motarka, ruga ba za ta jira shi ba, Dije kuma ba za ta iya kora shanu da goyo ita kaɗai ba. In sun zauna jiransa, ungulu ce za ta gaje su. Kuma zai shiga motar. Na roƙe shi kada ya je, ya kalle ni kamar na zagi uwarmu. Wanda ya ceci ransa ya kira, ba shi da bakin cewa a'a. Kunyar da ta ba ka takarda ta farko ita ce za ta ba ka ta biyu. Shi ya sa na ari bakinsa ba da izininsa ba, na san kuma zai yi fushi da ni.

Ga roƙona. Ka aika a tsai da motar nan, ka kuma aika wa Buba da bakinka cewa ka yafe masa zuwa, don in ba daga gare ka ya ji ba, ba zai tafi kudu ba. Ka gyara takardar, ko da gyaran ba zai yi ƴaƴa kamar uwarsa ba, saboda akwai likitocin da ke buɗe kawunan mutane suna dogara da cewa Buba ya warke sarai. In kuma da gaske lafiyarsa kake son dubawa, ka bari ruwa ya sauka su dawo, ka zo da kanka. Ba sai ka kawo na'ura ba, ba sai ka tambaye shi komai ba. Ka zo ta hagunsa shiru, ka tsaya, ka miƙa masa hannu. In ya karɓa, ni zan sake rubuta wata wasiƙar a nan in ba ka haƙuri a gaban kowa. In kuwa ka ga mutumin da ya fi kowa ganin girmanka a duniya ya bar hannunka a iska, to ka ƙirga wannan ma.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya sa hannunka ya ci gaba da zama sanadin rayuwa, ya ba mu damina mai albarka, ya kai ruga kudu lafiya da mutanenta cif.

Daga abokin bencinka na lakol, Agiye.

Wassalam.