Matata Ta Sake Rasuwa a Cikin Kwamfuta

Anti mai shawara, ki taimake ni, na yi ɓarnar da ban san ta inda zan fara gyara ta ba.

Ni tela ne, shagona a gaban gida yake. Tun da matata ta rasu, 'yata ta maƙale wa wani wasa a kwamfutar falo, irin wanda ake gina gida a zuba mutane, su ci, su yi barci, su tsufa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Da ta koma makarantar kwana, sai na ce bari in ga abin da ke cinye mata lokaci.

Anti, gidanmu na gani. Ga labulen falo, ga kujerar nan mai karyayyen hannu, ga uwarta tana ba shukokinta ruwa, da tabaronta da komai. Har ni an saka, da tumbin da ya fi nawa. Ni mai faɗan, na koma leƙa ta kullum.

Ashe yarinyar tsayar da wasan take yi, ba ta barin kwanaki su wuce. Ni ina na sani? Rannan wani mai kawo ɗinki ya buga ƙofa, na tashi na bar wasan a kunne, aiki ya riƙe ni har yamma. Da na dawo, sai kabarin matata na tarar a tsakar gidan, wasan kuma ya riga ya adana hakan, ba damar komawa baya. Na zauna na yi kuka kamar yaro.

Na gwada ƙera wata, hancin ya ƙi, idon ba nata ba. Hutu ya kusa. In ci gaba da gwadawa ko in ce kwamfutar ce ta lalace?

Uba mai nadama

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan matarka, ya ba ku haƙuri.

Duka biyun ka ajiye su. Wadda ta tuna karyayyen hannun kujera ba za ta kasa gane hancin uwarta ba, kuma ƙarya za ta fi yi mata ciwo a kan ɓarnar. Ka fara kai kwamfutar wurin mai gyara, wani lokacin akan samu tsohuwar ajiyar wasan, amma kada ka sa rai sosai.

Ko an samu ko ba a samu ba, ka faɗa mata kafin ta kunna. Za ta yi fushi, tana da gaskiya: ka shiga mata wuri ba izini, bayan ka sha yi mata faɗa a kansa. Kai ma ba mugunta ta kai ka ba, kewa ce. Wannan shi ne abin da ba ta sani ba, don a ganinta ita kaɗai ke kewar uwarta a gidan.

In ta huce, ka jawo kujera kusa da ita. Ta riƙe linzamin kwamfutar ku sake ƙera uwarta tare, kai ka riƙa ba ta labarin matar da ka sani tun kafin a haife ta. Allah ya daidaita tsakaninku.