Katin da Ban Taɓa Karantawa Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ni ce mahaifiyarku. Da hannuna nake rubuta wannan, a kan teburin da ke bakin tagar ɗakina, da hantsi, bayan na sha maganin safe. Hankalina ɗaya ne, ban ruɗe ba, ba kuma wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne dai suka ƙi, sai numfashi da yake guntulewa. Ranar Talata likita ya yi ta kewaye-kewaye, na ce masa, "Ɗana, shekara talatin da ɗaya na yi a gidan rediyo, na san muryar mutumin da yake ɓoye magana." Sai ya faɗa min. Shi ya sa nake rubuto muku ku uku: kai Babba, ke Lauya, da kai Auta.

Daga nan inda nake ina hango hayaƙin tayoyi ta wajen shataletale. Mako biyar ke nan da aka ƙi yarda da sakamakon zaɓe, aka rufe majalisa, sojoji suka kafa shinge a kan gada. Sau huɗu na ga irin wannan a rayuwata, ba ya firgita ni. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan karon ya shigo min gida.

Na ɗaya. Gidan nan da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tsara, a gaban baffanninku. Kada wani ya yi wayo, kada wani ya yi kara ya dawo yana gunaguni. Roƙona kawai, ku ɗan jinkirta sayar da shi. Auta da matarsa suna ciki, kuma in aka sayar yanzu, ban san inda ku uku za ku sake zama a ɗaki ɗaya ba. Roƙo ne, ba umarni ba.

Na biyu. Akwatin katako da ke ƙarƙashin gadona na riga na ba Auta kyauta tun ina raye, kada a sa shi a rabo. Kun san shirin da nake gabatarwa kowace safiya, minti biyar kafin labarai: abin da ya faru a rana irin ta yau, wa aka haifa, wa ya rasu, wace yarjejeniya aka sa wa hannu. Katunan shirin ne a ciki, kowace rana da nata gurbi. Auta malamin tarihi ne, zai san amfaninsu. Ka kula da gurbin watan shida, ruwa ya taɓa shi shekarar da rufi ya yi yoyo. Za ka ga wasu katunan an soke su da jan biro. Ba kuskure ba ne. Duk lokacin da mulki ya canza, sai a aiko daga sama a ce ranar haihuwar wane ta daina zama labari, ta wane kuma a ƙara mata minti biyu. Akwai mutumin da na taya murna shekara bakwai a jere, a ta takwas aka ce ko sunansa kada in kama. Abin dariya, ni da na haddace ranar haihuwar manya, tawa ban san ta ba. Akawun da ya ɗauke ni aiki ne ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango ya zaɓa min wata.

Na uku. Akwai kati ɗaya da ba ya cikin akwatin. Yana cikin aljihun jakar asibitina, a naɗe da leda. Wannan na Babba ne.

Kun san kawunku ya rasu yana ɗalibi, amma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba. Shekara arba'in ke nan cif a watan gobe. Ɗalibai sun fito, an tare su a gaban tashar jirgin ƙasa, aka buɗe wuta. Ni na je na gane shi, ta takalmin da na saya masa. Su goma sha ɗaya aka kashe. Na bi gidajensu na rubuta sunayensu a kati, irin na shirin, ina cewa in ranar ta zagayo zan karanta. Sai ga shi ranar ta zo daidai da ranar haihuwar shugaban wancan lokacin. Da ta zagayo, darakta ya miƙo min takardar taya murna, shafi guda, ya ce in sa fara'a a muryata. Katin yana cikin jakata. Jar fitila ta kama, na karanta takardar darakta, da fara'ar da komai. Lokacin mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ba shi da aiki, Babba yana aji biyu, Lauya tana baya. Haka na yi shekara tara. Ina fitowa in shiga banɗakin ma'aikata in wanke fuska, in koma in karanta hasashen yanayi. Bayan da mulkin ya faɗi na ce to yanzu, sai sabon darakta ya ce a bar tone-tone, ƙasa tana son zaman lafiya. Har na yi ritaya ban karanta ba.

Na huɗu. Akwai haƙƙin mutum a kaina, ba na dukiya ba. Mai haɗa mana sauti ne a lokacin, kowa Injiniya yake ce masa. A shekara ta tara na roƙe shi, in na gama taya murnar, ya bar iska shiru na daƙiƙa talatin kafin ya sa kiɗa. Bai tambaye ni dalili ba, ya sani. Ya yi. Kafin azahar an kafa kwamiti. Suka kira ni suka ce, "Kin san da wannan?" Na ce ban sani ba. Shi kuma ya ce hannunsa ne ya kuskure. Suka kore shi, saura shekara uku ya cancanci fansho. Yanzu yana da ɗan shagon gyaran rediyo da fanka a layin masu walda, bayan babbar kasuwa, kusa da mai cajin waya. Sau da yawa na je da rediyon da ba abin da ya same shi, in zauna a bencinsa mu yi hirar zafi da tsadar batir, in tashi ban faɗa ba. Ku je ku uku, ba ɗaya ba. Ku ce masa mahaifiyarku ta ce ita ta roƙa, ita ta musanta, ya yafe mata. Idonsa ɗaya ya fara rufewa. In zai yarda a kai shi asibiti, ku kai shi.

Na biyar, kai Babba. Ba na zagin aikinka. Wani ne zai rubuta wa gwamnati sanarwa, gara mai tsoron Allah. Amma na ji wadda aka karanta ranar da aka tarwatsa malamai, inda aka ce 'yan haya ne aka biya su. Tun kafin 'yar'uwarka ta faɗa na gane jimlolinka, ni na koya maka inda ake sa waƙafi. Ƙaninka yana cikin mutanen nan, ka san ba wanda ya biya shi. Ba zan ce ka bar aiki ba, ni ban bar nawa ba, kuma kana da 'ya'ya huɗu. Abin da zan gaya maka shi ne abin da na sani: mutum yana cewa yau kawai, gobe zan gyara, sai ya waiwaya ya ga shekara tara. Ka ja wa kanka layi tun yanzu. Wanda aka kashe ko aka tsare, kada ka rubuta a kansa abin da ba ka gani ba. In an matsa, ka ce a ba wani. Katin kuma ba na ce ka kai shi rediyo ba. Ka ajiye shi a aljihun teburinka na ofis, inda kake ɗauko biro.

Na shida, ke Lauya. Ranar da kuka tara jikoki kuna min murnar cika saba'in, ranar nan da akawu ya zaɓa min, kin ɗauko waya kin karanta sanarwar a gaban Babba da 'ya'yansa, kika ce ba ki da yaya a gidan gwamnati. Ya sa takalmi ya fita, abincinsa a rufe. Tun ranar ba ku gaisa ba. Kina da gaskiya a kan sanarwar. Aikin da kike yi, kina bin ofisoshin 'yan sanda kina neman 'ya'yan mutane, ina alfahari da shi, na yi abin da ban iya ba ta hannunki. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Kwana tara da Auta ya yi a tsare, kina tsammanin takardunki ne suka fito da shi. Takardunki ko buɗe su ba a yi ba. Yayanki ne ya je da ƙafarsa wurin wanda ya sa hannu, ya tsaya a bakin ƙofa tun safe har la'asar, ya ce a rubuta sunansa a matsayin mai tsaya masa, shi da malamai shida da aka kama tare. Saboda haka aka ɗauke shi daga ofishinsa na sama aka mayar da shi wani lungu kusa da ɗakin ajiyar takardu. Ya zo ya durƙusa nan gaban gadona ya ce, "Mama, kada ki gaya mata, za ta ce na sayi bakinta." Na yi masa alkawari zan yi shiru muddin ina raye. Wannan takarda sai bayan raina za a buɗe ta, ka ga ban saɓa ba, Babba.

Ba na ce ki fasa abin da kike yi ba. In kun haɗu a kotu, ke a wannan gefe shi a wancan, ki yi aikinki. Amma ki je gidansa ki gaishe shi, yayanki ne. Ke ce ƙarama, ke za ki fara. Kuma da albashin aikin da taya murnar nan ta riƙe min aka biya miki makarantar lauya, ki tuna da haka in harshenki ya yi zafi.

Auta, kai ba ni da dogon faɗa da kai. Ka daina kai maganar wannan wurin wancan da sunan sulhu, kana ƙara gishiri ba ka sani ba. Ka kuma je a duba haƙarƙarin nan, na ga yadda kake riƙe shi in za ka tashi.

Na bakwai. In na cika alhali hanya tana rufe, a binne ni a maƙabarta mafi kusa. Kada a ɗauko motar gwamnati a buɗe min shinge, kada kuma a tara jama'a a ɗauke ni a bi da ni ta shataletale. Ba hular jam'iyya, ba jawabi. In tsoffin abokan aikina suka ce za su yi min shiri na musamman, ku gode musu, ku ce sanarwa ɗaya ta isa.

Na yafe muku duk abin da kuka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku ma ku yafe min, na sha barinku da safe kuna kuka na tafi aiki. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya tsare ku daga sharrin masu mulki da na masu neman mulki. Wannan rikicin zai wuce, waɗanda kuke faɗa dominsu za su zauna teburi ɗaya su raba kujeru, su ɗauki hoto suna dariya. Ba za su san an yi ku ba. Ku kuwa ba ku da wasu sai juna.

In an dawo daga maƙabarta, baƙi sun watse, ku uku ku shigo ɗakin nan ku rufe ƙofa. A kawo muku abinci a kwano ɗaya. Ko ba wanda ya iya cewa komai, ku zauna ku ci.

Mahaifiyarku.