Waken da Gwaggo Ta Shanya

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira,

Ina gaishe ki, amma ki sani da fushi nake rubuta wannan wasiƙa, har biro yana neman huda takarda. Tun da kika tafi gidan yayarki kin ƙi ɗaga wayata, sai jiya ta kira ni da saƙonki: wai kin haƙura da karatun, wai za ki ajiye digirin nan na biyu don a samu zaman lafiya a gidana. Gidana? Yaushe ya zama nawa ni kaɗai? Wa ya gaya miki kwanciyar hankalina tana cikin ki binne abin da kika sha wuya a kansa?

Ban ce ba a yi miki laifi ba. An yi, babba ma. Na ga abin da kika gani. Kwalaben bincikenki da kika jera a ƙaramin ɗaki, kika liƙe bakinsu don kada iska ta shiga, kowace da takardarta a jiki, wannan da toka, wannan da ganye, waccan babu komai, duk don ki gano yadda za a hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba wa mutane guba a abinci ba. Gwaggo ta zo mana kwana biyu, ta leƙa, ta yanke hukuncin cewa wake zai ruɓe a kulle. Ta buɗe su kaf, ta juye a tabarma ɗaya, ta shanya a rana. Har kwalaben ta wanke tas, ta kankare takardun, ta zauna tana jiran a yi mata sannu da aiki! Wahalar watanni ta tafi kafin ki dawo daga aji. Da kika fashe da kuka, maimakon ta ba ki haƙuri, sai ta ce ita ba ta taɓa jin inda matar aure mai aikin kamfani take zuwa jami'a karatun wake ba.

Maganar ta ƙona mini rai. Amma abin da ya fi ƙona ni, kin dube ni kin ga na yi shiru, sai kika ɗauka bakinmu ɗaya da ita. Haba, rabin raina! Yayar mahaifina ce, a bayanta na yi wayo, ba a gabanki zan ɗaga mata murya ba. Bayan fitarki na zaunar da ita, na faɗa mata cikin ladabi abin da ba ta so ji ba. Ta ce kin mallake ni. Na ce haka ne, kuma ba na neman makari.

Kin manta ranar da kika dawo daga kamfani da farar rigar ɗakin gwaji a kafaɗa, kika kasa cin abinci? Kin mayar da mota guda ta wake saboda an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma kin san wata kasuwar za a kai shi, 'ya'yan wasu su ci. Ranar kika ce sai kin koma karatu. Idonki yana walƙiya kamar hadari ya haɗo, ni kuwa na ji na sake faɗawa sonki daga farko.

To ni fa, ina za ki kai nawa rabon wahalar? Malamin makaranta irina ba shi da hutu sai Asabar da Lahadi, na miƙa miki su ban yi tsaki ba. Na koyi yi wa 'yarmu kitso, layi a karkace, maƙwabta suna dariya ta katanga. Abokaina sun daina ajiye mini wurin zama. Kina haɗa aiki da aji da gida, kina gyangyaɗi a kan littafi, ina zare miki tabarau a hankali. Duk wannan tabarma ɗaya za ta cinye shi? Wallahi ban yarda ba!

Yayarki ta ce malaminki ya ce sai kin sake gwajin daga tushe, ba za ki gama tare da 'yan ajinku ba. To sai me? Manomin da fara ta cinye masa gona, sayar da fartanya yake yi? Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Na sayo sabon wake, na sa wa ƙaramin ɗakin kwaɗo, makullin kuma naki ne ke kaɗai. Ko ni sai da izininki zan shiga.

Gidan nan ba ya zaunuwa babu ke, tauraruwata. Ina kewarki har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Duk da haka, ji abin da na yanke: ranar Asabar da safe zan tsaya a ƙofar gidan yayarki, kuma ba gida zan kai ki ba, aji zan kai ki. In kin ga dama ki ci gaba da fushi da ni, ki juya mini ƙeya, kada ki ce mini uffan har mu isa. Amma ki fito da jakar littattafanki. In kika fito da akwatin kaya kaɗai, zan juya in bar ki nan, ko da zan yi kuka a hanya.

Naki a fushi da a daɗi, yau da gobe, har ƙasa ta rufe mini ido,
Mijinki