Ramin da Na Bari Babu Harsashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kulob ɗin Harbi da ke bayan Malali, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar na ƙasa ga na sama, kai da sauran 'yan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya, aiki kuma da sauƙi.

Sunana Saje Audu Ɗanladi, mai ritaya, ina zaune a Kurmin Mashi. Shekara ashirin da biyu na yi ina gyaran bindigogi a ɗakin makamai kafin in ajiye kaki, na kuma yi shekara huɗu ina yi wa kulob ɗinku wannan aiki har kuka sallame ni. Kai ka san ni, na faɗa ne saboda masu karanta jarida. Sau biyu na rubuto maka a rufe, na kai ofishinka da ƙafata, shiru kake ji. Shi ya sa wannan karon na rubuto a buɗe.

Layi ɗaya ne a takardar sallamata ya tayar da ni. An rubuta cewa harsasan da nake zubawa ba su da inganci, har ɗaya ya ƙi tashi a hannun wani memba. Kun aika da kwafin takardar zuwa ofishin da ke ba da lasin gyaran bindiga. Lasina zai ƙare ƙarshen shekarar nan, kuma jami'in wurin ya gaya mini cikin mutunci cewa muddin wannan layi na cikin fayil ɗina, ba zai iya sabunta mini ba. Ban ga laifinsa ba. In babu lasi, ko bindigar toka ta maharbi ba ni da ikon kwancewa, kuma da wannan sana'a nake ciyar da mutum tara. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Na farko, ita bindigar. Libarba ce mai ramuka shida, irin wadda ake kira magnam, mai ƙarfi da dukan hannu. Wani Bature injiniya ne ya sayar da ita da zai koma gida, ya haɗa da mazubin dalma da ma'aunin albarushi da kwansunan harsashi cikin akwati. Wanda ya saya babban ma'aikacin gwamnati ne, memba a kulob ɗinku, dattijo mai mutunci. Ba zan ambaci sunansa ba, zan riƙa ce masa Alhaji. Da harsashin kanti ya yi wuya a gari, kwamitinku ne ya umarce ni in riƙa zuba dalma ina cika masa kwansunan. Ban roƙi wannan aiki ba.

Na biyu, ƙorafin Alhaji yana da tushe a farko, ba zan ɓoye ba. Daga yadi ashirin da biyar, harbi shida yakan watsu a takardar bara, wato wadda ake auna harbi a kanta, kamar an watsa wa kaji tsaba. Wani harsashin ma a kwance yake shiga, ya bar huda doguwa maimakon zagayayya. Duk mai gyaran bindiga da ya ga irin wannan huda ya san akwai magana. Na karɓi bindigar na zauna da ita mako shida.

Na leƙa bututun, sai na tarar dalma ta shafe shi, zaren nan na ciki da ke juya harsashi ya kusa ɓacewa. Dalilin ba nisa. Malam Iro, ma'ajin kayan kulob, tsofaffin bututan ruwa yake kawo mini in narke, su kuwa dalmarsu da farce ma ana karce ta. Irin wannan bindiga ba ta son dalma mai laushi, tana kankare ta ta bar ta a hanya. Na roƙi Malam Iro, ya nemo mini tsofaffin haruffan dalma daga wata maɗaba'a da ta daina aiki da su, na gauraya, dalmar ta yi tauri. Bututun kuwa kwana biyu na yi ina goge shi da buroshi kafin ya yi haske.

Sannan na ɗauki harsashi na jefa a kowane rami cikin shidan. Kamata ya yi ya tsaya a maƙogwaron ramin sai an tura shi da fensir. Na farkon zubin faɗowa suke yi ta ɗaya gefen, sululu, wato sun yi wa ramin ƙanƙanta, suna shiga bututu a karkace. Sabon haɗin ya fi cika mazubi, wannan ma ya gyaru. Man da Baturen ya bari na shafa wa harsashi kuwa an yi shi ne don ƙasar sanyi, da bazara ta kama narkewa yake yi a cikin akwati. Na haɗa nawa da kakin zuma. Na riƙa auna kowane harsashi a sikeli, wanda ya yi rashin nauyi na san akwai kogo a cikinsa, sai ya koma tukunya. Na tarar da ƙusar saitin baya ta yi sako-sako, na ɗaure. Albarushi kuma Alhaji yana son a cika shi maƙil don yana jin daɗin ƙarar. Na rage zuwa yadda littafin Baturen ya nuna, na kuma gaya masa na rage, ya ɓata rai amma bai hana ba.

Na uku, gwaji. Bayan duk wannan na ɗora bindigar a kan buhun yashi, na zauna, na harba shida daga yadi ashirin da biyar. Gindin kofin shayi ya rufe hudojin duka. Na sake, haka. Na ba Malam Iro, wanda shi ba gwanin harbi ba ne, tafin hannu ya rufe nasa. Ya sa hannu a takardun uku, suna nan a wurina cikin jakar lasina. Ran Asabar ɗin da ta biyo baya, Alhaji ya zo, na miƙa masa bindigar nan da harsasan nan na zubi ɗaya. Biyu suka taɓa takarda ta ƙasa hagu, uku suka bi iska, ɗaya ya tayar da ƙasa taku biyar a gaban bara. Ya juyo ya ce har yanzu harsashin Saje bai gyaru ba.

Na huɗu, abin da kowa ya gani. Ranka ya daɗe, kana wurin ranar, da ma ranaku da yawa kafin ita. Alhaji yana runtse ido kafin bindiga ta tashi. Yana jiran dukan da za ta yi masa, sai ya riga ta, ya danna hancinta ƙasa ya fizgi kunama. Wannan ba abin kunya ba ne. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna yin haka a filin horo, ni ma na yi a shekarata ta farko, kuma magnam ta fi kowace bindigar hannu koya wa mutum wannan hali. A mako biyu ake raba mutum da shi, in an gaya masa. To, wa zai gaya masa? Rabin membobin kulob a ƙarƙashinsa suke aiki, sauran rabin suna da takarda a teburinsa. In ya harba ya kuskure, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce rana ce ta haske masa ido, wani ya ce ai harsashin gida sai haƙuri. Ni kuwa ina tsaye a baya da tsumma a hannu, ina jin ana ta jibga wa dalmata laifi.

Na gwada faɗa masa a fakaice. Na ce, ranka ya daɗe, a riƙa jan kunama sannu-sannu. Ya ce tun ban shiga soja ba yake harbin zabi a garinsu. Na kawo shawarar ya koma ƙaramar bindiga na ɗan lokaci, ya yi dariya ya ce ta mata ce. Na same ka a kan maganar, ka tuna, a gindin mangwaron bakin ƙofa, ka ce in bar shi, dattijo ne, nishaɗi ya zo yi. Da na bar shi. Abin da ya hana ni shi ne harsashin da ke dukan ƙasa. Filinmu tsakuwa ne, harsashi in ya doki tsakuwa tashi yake yi ya nufi inda ya ga dama, kuma bayan tudun da muke harbi akwai hanyar da masu tallar nono ke bi zuwa Malali. Sau biyu na ji kukansa yana wucewa ta saman tudun. Na rubuta wannan a littafin fili, yana nan in ba a yage shafin ba.

Na biyar, laifina. A filin horo akwai dabarar da muke yi wa kurtu mai irin wannan hali. Sai a cika masa bindiga a bar rami ɗaya babu harsashi, ba tare da ya sani ba. In ya zo kan ramin, bindiga ba ta tashi ba amma hannunsa ya nutse, sai ya ga abin da idonsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ran Asabar ta ƙarshe da na yi aiki a kulob, na cika wa Alhaji biyar, na bar na huɗu fanko. Ya harba uku. A na huɗu aka ji ƙyas, babu ƙara, hancin bindiga ya yi ƙasa har kusan ya nuna takalminsa, idanunsa biyu a rufe gam, kafaɗa a ɗage. Ya yi baƙi ranar, mutum uku daga Legas. Ɗaya daga cikinsu dariya ta kuɓuce masa.

Wannan kuskurena ne, ni kaɗai. Abin da ake yi wa kurtu ɗan shekara goma sha tara na yi wa dattijo mai furfura, a gaban baƙinsa, ban nemi izninsa ba, ban nemi naka ba. Da na jira ranar da fili ba kowa. Shekara ashirin da biyu a bariki ta koya mini bindiga, ba ta koya mini wannan ba. Na ji kunya ƙwarai, har yau in na tuna fuskarsa sai in ji ba daɗi. Kwana uku bayan haka na ɗauki limamin unguwarmu muka je gidansa, na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗa masa abin da na yi da dalilin yin sa. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har ruwa aka kawo mana. Ba ni da wata magana da Alhaji.

Na shida, takardarku. Kwamiti ya zauna ba a kira ni ba. Na fahimci matsalar da kuka shiga: in kun rubuta abin da ya faru, dole ku rubuta dalilin da ya sa na bar ramin, dalilin kuwa shi ne abin da aka shekara ana kauce wa faɗa. Sai kuka ɗauki hanya mai sauƙi, kuka mayar da ramin da babu komai a cikinsa ya zama harsashin da ya ƙi tashi. Malam Iro ne ya buɗe bindigar a gabanka. Kwanso uku da aka harba, harsashi biyu masu rai, rami ɗaya fanko. Ina harsashin da ya ƙi tashi? A shekara huɗu ban ƙirga yawan waɗanda na cika wa kulob ba, amma ban taɓa samun ko ɗaya da ya ƙi tashi ba, kuma littafin fili zai gaskata ni ko ya ƙaryata ni.

Wata biyar ban fito da maganar fili ba, domin na san ba zan iya wanke kaina ba sai na sake taɓa mutuncin mutumin da ya riga ya yafe mini. Ko yanzu da nake rubutu abin yana damuna, shi ya sa na ɓoye sunansa. Amma shekara ta kusa ƙarewa, kuma maharba biyu sun riga sun zo sun karɓe bindigoginsu daga shagona, don labari ya kai musu cewa aikin Saje ba ya tashi.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ɗaya, akwai saura harsashi goma sha takwas na wancan zubi a akwatin kulob, Malam Iro ke riƙe da mabuɗin. A fito da su, a sa buhun yashi, kwamiti ya zaɓi duk wanda ya ga dama ya harba, a gayyaci jami'in lasin ya tsaya. Ba sai Alhaji ya zo ba, ba sai ni na taɓa bindigar ba. In ɗaya ya ƙi tashi, ko faranti bai rufe hudojin ba, da hannuna zan kai lasina in ajiye.

Biyu, a ƙara wa tudun nan tsawo, ko a samu wani sa'an Alhaji ya zauna da shi su biyu ya gaya masa. Masu tallar nono ba su daina bin hanyar ba.

Uku, kuma shi ne babba. Ba na neman ku mayar da ni aiki. Wanda ya kunyata memba a gaban baƙi ya cancanci kora, ni ma da ni ne shugaba da na kore shi. Ku janye waccan takarda ku rubuta wata, ku ce an sallami Saje Audu Ɗanladi saboda rashin ladabi ga babba. Ba sai kun faɗi wane babba ba, ba sai kun faɗi yadda aka yi ba. Na tambayi jami'in lasin, ya ce rashin ladabi ba ya hana sabunta lasi. Wannan laifi nawa ne, zan sa hannu a ƙarƙashinsa, in kai kwafin ofishin da kaina. Ku kore ni da abin da na yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka ikon yin adalci ko da a ƙaramin abu irin wannan. Allah ya saka wa Alhaji da alheri bisa yafiyar da ya yi mini, ya tsare duk mai bin bayan tudun nan, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Saje Audu Ɗanladi, mai ritaya,
Kurmin Mashi, Kaduna.